Sistar da ke zagaya layi a bariki: amsa ga matar soja da katin ɗanta ya ɓata

Wata baiwar Allah da ke zaune a barikin Rukuba, nan Jos, ta aiko da wannan tambaya: "Mijina kofur ne. Ya yi kusan shekara biyu a bakin daga a arewa maso gabas, sai dai ya zo fas ya koma. Da ya dawo aka yi mana canji daga Sakkwato zuwa Jos, yau wata biyu ke nan. Ina da jariri ɗan wata biyar da yarinya 'yar shekara uku. Katin rigakafin jaririn ya ɓata a wajen tashi, kuma sau biyu kawai aka yi masa allura, ta haihuwa da ta bayan arba'in. Maƙwabciyata ta ce akwai wata nas mai zagaya layi tana shiga ɗakuna, duk abin da ta gani kuma ofis take kaiwa, shi ya sa nake ɗari-ɗari. Sannan maigidan ba ya barci, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ya zabura. Mene ne aikin wannan nas, me za ta iya yi mana?"

Ƙanwata, sannu da hidima, sannu kuma da sanyin Jos, don na san wanda ya baro Sakkwato sai ya ɗan jima kafin jikinsa ya saba. Ni nas ce, ɓangaren lafiyar al'umma na karanta bayan jinya da ungozomanci, kuma na yi shekaru ina aiki a asibitocin soja a matsayin farar hula kafin in ajiye aiki. Irin sistar da maƙwabciyarki take ba ki tsoro da ita, ni ma aikin da na yi ke nan. Amma bari in fara da abin da ba ya jira: ki kai jaririn nan wurin rigakafi a cikin wannan mako, da kati ko babu kati.

Ba za a kore ki ba, ba kuma za a koma farko ba. Ita allurar rigakafi ba ta lalacewa a jiki don an yi jinkiri, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Sista za ta tambaye ki inda kika haihu da ranar, ta duba saman hannunsa na hagu ko akwai tabon BCG, wato allurar tarin fuka da ake yi wa jariri da haihuwa, ta tambaye ki a cinya nawa aka soke shi a zuwa na biyu, da ko an ɗiga masa wani abu a baki. In kina da lambar wata ma'aikaciya a asibitin da kuka baro, ki ba ta, a kira a duba rajista. In ba a samu ba, za a rubuta masa sabon kati a ci gaba. Ko da an maimaita wadda aka riga aka yi masa, babu illa. Illar tana ga wadda aka tsallake.

Bisa bayaninki, ya karɓi ta haihuwa da ta mako 6. Ana bin sa bashin ta mako 10 da ta mako 14. Ba a haɗa su rana ɗaya: za a yi masa ɗaya yanzu, a ba da tazarar mako huɗu, a yi ɗayar. A kowane zuwa akwai wadda muke kira Penta, allura ɗaya mai kare cuta biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙe-haƙora, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwayar cuta mai kawo ciwon huhu da sanƙarau ga ƙananan yara. Akwai ta ciwon huhu daban, akwai ɗigon shan inna, akwai ɗigon gudawar yara da aka shigo da shi tsarin ƙasa a 2022, sannan a ta mako 14 akwai allurar shan inna. In ya cika wata 6 a ba shi bitamin A, ɗan ƙwanso shuɗi da ake yanke bakinsa a matsa masa. A wata 9 sai ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata 15 ƙyanda ta biyu. Duk kyauta ne, a asibitin bariki ko a kowace cibiyar lafiya ta gwamnati a ƙaramar hukumar Bassa ko cikin gari, kuma babu ruwansa da ko sunan yaro yana cikin inshora. Bayan Penta yakan yi zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, cinyar ta ɗan kumbura. Farasitamol na yara gwargwadon yadda sista ta auna miki, da tsumma mai sanyi, da nono. Kada ki gasa wurin da ruwan zafi, kada ki shafa man zafi.

Kada ki ga kamar ke kaɗai ce. A duk shekarun da na yi, ban ga abin da ke yanke wa 'ya'yan soja rigakafi kamar canjin wurin aiki ba. Ba jahilci ba ne, matan bariki sun fi na unguwanni da yawa zuwa asibiti, ga shi a bakin ƙofa. Sigina ce za ta sauko, wato umarni daga sama, a ce nan da mako biyu ku tashi, a cusa kati cikin buhu tare da labule da kwanuka, a sauka a sabon wuri uwa ba ta san kowa ba, ba ta san ranar allura ba, miji ya fita aiki. Asibitin da aka baro yana ganin yaro ya koma can, na can kuma bai san da zuwansa ba. A wata bariki da na yi aiki, ba zan faɗi suna ba, na taɓa buɗe rajista na ga shafi guda layin wata 9 fayau, yara kusan rabin shafin babu wanda ya dawo. Duk bataliya ɗaya ce da ta tashi. Bayan 'yan watanni wata bataliyar ta sauka a ɗakunansu, da nata yaran da su ma aka yanke musu a wani wuri. Da bazara ta shigo ƙyanda ta kama yaro ɗaya a bulo na ƙarshe, kafin mako uku ta bi baranda ɗaki-ɗaki kamar mai rabon goron biki. Ina tuna wata yarinya 'yar wata goma sha ɗaya, idanu sun liƙe da kwantsa, baki duk gyambo, uwar ta rufe ta da bargo a ɗaki mai duhu tana ba ta jiƙo, wai kada iska ta mayar da ƙyandar ciki. Ta rayu, amma sai da muka yi wata uku muna fama da tamowa. Tun daga lokacin, duk iyalin da suka sauka, kafin su gama kafa gado nake zuwa in ce a fito mini da kati.

To wannan shi ne aikin. Nas ɗin da ke cikin asibiti tana jiran mara lafiya ya zo ya same ta. Ta lafiyar al'umma ita ke fita neman wanda bai zo ba, da wanda bai riga ya kwanta ba. Majinyacinta ba mutum ɗaya ba ne, layin ne gaba ɗaya. Yawanci tana ƙarƙashin ƙaramin asibitin runduna da sojoji ke kira MRS ko asibitin bariki, tana aiki da likitan soja, da jami'an tsabtar muhalli, da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma waɗanda ta hannunsu alluran rigakafi ke zuwa. Wata soja ce da kaki, wata farar hula. Ita ke riƙe da awon ciki, rigakafi, awon nauyin yara, tazarar haihuwa, bibiyar masu tarin fuka har su cika wata shida na magani, duba makarantar yara da masu sayar da abinci a kasuwar mami. Kuma ba ta iya komai sai da magajiya, wato shugabar matan layi. Duk sistar da ta raina magajiyar layi ta kashe aikinta da hannunta, don magajiya ce ta san wadda ta haihu jiya da daddare, wadda ciki ya zube, wadda mijinta ya yi wata huɗu bai turo ko sisi ba. Ki nemi magajiyarku ki gaishe ta, ita za ta gaya miki ranar allura da ranar awo.

In ta shigo ɗakinki, ga abin da idonta ke nema, don ki daina zaton ƙurar kan talabijin take dubawa. Ni in na yi sallama na zauna, jaririn nake fara karɓa. Ina jin nauyinsa a hannu, ina kallon yadda yake numfashi, ko haƙarƙari na shiga ciki, ina taɓa maɗiga. In ce a ba shi nono a gabana in ga kamun. Babbar kuma in zaro ɗan tef mai launi uku in naɗa mata a damtse: in ya tsaya a kore lafiya, ruwan ɗorawa a ƙara kula, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ranar za mu tafi asibiti tare. Sai randa ko jarka, a rufe take ko a buɗe, da wane kofi ake ɗiba. Sai gidan sauro, a ɗaure yake ko yana cikin ledarsa a ƙarƙashin katifa. Mutane kan ce ai Jos babu sauro saboda tudu da sanyi. Akwai shi, musamman da damina, kuma zazzaɓinsa na kwantar da yara a nan kamar ko'ina.

Sai abu ɗaya da ya shafi garin nan musamman, kuma ke baƙuwa ce, hunturu na tafe. Daga Disamba zuwa Janairu sanyin Jos kan sa mutane su shigar da kaskon gawayi ɗaki, su rufe ƙofa da taga, su toshe kafa da tsumma. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum zai ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ce barci ne, jariri kuwa ba ya ma iya cewa komai. Haka hayaƙin janareta a baranda kusa da taga. A ɗumama ɗaki a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara wa yaro hula da safa. Wannan magana na fi maimaita ta a layi fiye da kowace.

Yanzu batun kai rahoto. Ba zan yi miki ƙarya in ce babu abin da ke zuwa ofis ba. Abin da ya shafi jama'a yana zuwa: masai na haɗaka ya cika, kwata ta toshe, famfo ya fashe kusa da ramin bahaya, bola ta taru. Wannan dole a rubuta, kuma amfaninku ne, don sai da takarda ake fitar da kuɗin gyara. Haka cututtukan da ke yaɗuwa, irin su ƙyanda, amai da gudawa, sanƙarau, mashaƙo da zazzaɓin Lassa, doka ce a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Amma abin da kika gaya wa nas game da jikinki, ko sakamakon gwajinki, ko maganin tazarar da kike sha, sirri ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana bayyana shi ba da izininki ba, in ban da inda kotu ko doka ta tilasta ko lafiyar jama'a ke cikin haɗari. Samanja ba shi da hurumi a ciki, matar oga ma haka. Ban ce ba a taɓa samun mai sakin baki ba, bariki ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa. In kin ga alamar haka kina da damar ki nemi wata, ko ki kai ƙara wurin shugabar nas-nas.

Tunda na ambaci Lassa, garin nan yana da tarihi da ita. A 1969 aka fara gane cutar, daga garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, kuma nan Jos aka kawo nas ɗin mishan da ta fara kamuwa. A 1970 ta ɓarke a asibitin da muke kira Jankwano, har ta kashe likitar da ke kula da majinyatan, Dokta Jeanette Troup. Ɓera ke ɗauke da ita, ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, kuma da rani ta fi tashi. A bulo mai kicin na haɗaka, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: ɓeran maƙwabciya naki ne. Hatsi da gari a mazubi mai murfi, kada a kwana da kwanuka ba wanki. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya kwana biyu zuwa uku bai sauka ba, a koma asibiti, kada a koma kemis.

Inshora ba zan daɗe a kanta ba. Ta sojoji da iyalansu tana hannun DHML, kamfanin inshorar lafiya na sojoji. Ƙa'idar inshorar ma'aikatan tarayya ita ce ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Abu biyu za ku yi: maigida ya je teburin inshora na asibitin bariki a mayar da sunanku daga asibitin Sakkwato zuwa na nan, a kuma shigar da jaririn in ba a shigar ba, da takardar haihuwarsa. In aka tura ku babban asibiti kamar JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ku tabbata kun karɓi takardar turawa da lambar amincewa kafin ku tafi, in ba gaggawa ba. Rashin wannan lamba ya sa iyalai da yawa biyan kuɗin da bai kamata su biya ba.

Sai maigida. Na bar shi ƙarshe ne don ya fi nauyi, kuma na lura a layi ɗaya kika rubuta shi, kamar mai tsoron a ji.

Abin da kika kwatanta na gan shi sau da yawa. Mutumin da ya yi shekara biyu yana kwana da takalmi a ƙafa, kunnensa a buɗe, jikinsa ya koyi cewa ƙara na nufin mutuwa. Ya dawo gida, amma jikin bai samu labari ba. Ga da yawa abin kan lafa cikin 'yan makonni. In ya wuce wata guda yana nan, ga munanan mafarkai, ga zabura, ga saurin fushi, ba ya son taro, ba ya son a ambaci can, ko ya zauna shiru kamar ba ya ɗakin, to ciwo ne da likitoci suka sani, ciwon firgici bayan tashin hankali, kuma yana da magani. Ba hauka ba ne, ba ragwanci ba ne, ba kuma rashin imani ba. Addu'a da ruƙiyya ba su hana ganin likita, kamar yadda ba su hana ɗaurin karaya. Wani saje da na sani, ƙato, kowa na shakkarsa a fareti, matarsa ce ta ja ni gefe ranar awo ta ce kullum a ƙasa yake kwana, bayansa jingine da ƙofa, in ruwa ya sauka a kwano da daddare sai ya tashi ya tara yara a lungu ɗaya. Wata uku ta yi tana ɓoyewa don kada a ce ta tona masa asiri. Barin kashi a ciki kuwa ba ya maganin yunwa.

Abin da ke hana su zuwa tsoro ne: kada a rubuta a fayil, kada a karɓe bindiga, kada ƙarin girma ya wuce su. Tsoron ba na banza ba ne gaba ɗaya, don likitan soja yana da alhakin faɗa wa kwamanda ko mutum zai iya aiki ko a sauƙaƙa masa na wani lokaci. Amma abin da na gani da idona shi ne, wanda ya zo da wuri yakan ci gaba da aikinsa yana karɓar magani. Wanda ya ɓoye shi ne abin kan fashe masa a bainar jama'a, ta hanyar giya, ko tiramadol, ko faɗa da na gaba da shi, sannan a zo ana maganar horo ba maganar jinya ba. A nan sistar layi take da amfani. Ba sai an ce masa "zo mu je wurin likitan ƙwaƙwalwa" ba. Ta zo duba jariri, ta ce Oga kawo hannu in auna jininka, tunda dama hawan jini ya yi yawa a tsakanin sojoji kuma ba ya sallama. Daga awon jini a gangaro kan barci. Kusan duk soja zai yarda ya ce ba ya barci, ko da ba zai yarda ya ce yana tsoro ba. Daga nan ta haɗa shi da likita, in da buƙata a tura shi sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a nan JUTH ko asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna. Limamin bariki ma ƙofa ce mai kyau, shi ma soja ne, ya san abin da ake gani a can.

Ke kuma a gida: kada ki tashe shi daga barci da taɓawa, ki tsaya nesa kaɗan ki kira sunansa. Kada ki matsa masa da "me ka gani a can", in ya fara da kansa ki saurara kawai. Ki rage masa shayi mai ƙarfi da goro da lemon ƙarin kuzari daga la'asar. Kada ki sayo masa maganin barci a kemis. Amma akwai iyaka, ki riƙe ta da kyau. In ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabon kayansa yana barin wasiyya ba dalili, ko ya ɗaga miki hannu ko ga yara, ko ya shigo da makami ɗaki, wannan ba na jira ba ne kuma ba na rufin asiri ba. Ki kwashi yara ki fita zuwa wurin magajiya ko maƙwabta, a sanar da asibiti da hafsan da ke bakin aiki a daren. Ba cin amanarsa kika yi ba.

Ke ma ki bari a duba ki. Mai jego a baƙon gari, babu uwa babu ƙanwa, ga miji a wannan hali, ba abin mamaki ba ne ki riƙa kuka ba dalili ko abinci ya fita ranki, ki faɗa wa sista. A auna jininki. A yi maganar tazara tun yanzu, don kariyar da shayarwa ke bayarwa ba ta wuce wata shida, kuma da sharaɗin nono zalla yake sha dare da rana, al'ada ba ta dawo ba. Saura miki wata guda ke nan. Gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da na ciwon hanta kuma, ku yi tare ku biyu, kamar yadda nake shawartar duk ma'auratan da aiki ya raba su tsawon lokaci. A 2005 ma'aikatar tsaro ta fara shirin yaƙi da ƙanjamau a asibitocin soja tare da haɗin gwiwar Amurka, gwajin ƙanjamau da maganinsa kyauta ne.

Ranar da za ki je, ki tafi da babbar da nata katin, a duba ko ta karɓi ƙyanda ta biyu, a ba ta bitamin A, nata jan ƙwanso ne, da maganin tsutsar ciki. Ki je da sassafe, don wasu alluran sai an tara yara ake fasa kwalbarsu, in an fasa kuma awa shida ne a zubar. In an miƙo miki sabon kati, tun kafin ki bar benci ki ɗauki hotonsa ciki da waje da wayarki, ki tura wa babansu, ki tura wa wata 'yar'uwarki a Sakkwato. Duk zuwa ki sake ɗauka. Katin kuma ki sa shi a leda, ki ajiye shi tare da takardun aikin maigida, don su ne kaɗai abin da ban taɓa ganin soja ya manta da su a wajen tashi ba.